Katangar Goggo

Ni kurket ban je nemansa ba. Na bar makaranta a aji uku na sakandare, ina ta gararamba tsakanin Pantami da Barunde, yau in bi mai keke, gobe wankin mota, jibi in gaji in daina. Wata la'asar na ratsa ta bayan wata firamare a Pantami na tarar da samari suna wani wasa da katako mai faɗi. Na tsaya ina musu dariya. Kocinsu, wani dogo mai furfura a gemu, ya ce, "Kai mai haƙora, zo ka riƙe mu gani." Ya jefo ƙwallo, na maka mata, ta tafi har bakin titi. Ya ce gobe in dawo.

Wasan ba wuyar faɗa. Wani ya jefo maka ƙwallo ta dira ƙasa ta taso, kai kana tsaye da bat, wato katakon nan, kana kare sanduna uku da aka kafa a bayanka. In ka doke ta ta yi nisa, ka yi gudu ka ci maki. In ta taɓa sandunan, ko wani ya cafe ta a sama, ka fita ke nan, sai kuma wani wasan.

Filinmu wani tsohon daɓen siminti ne, aji aka fara ginawa aka bari. In ka tsaya kana fuskantar mai jifa, hagunka fili ne fetal har titi. Damanka kuwa katanga ce dab da kai, ta gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Goggo. Awara take soyawa a tsakar gida. Tun kafin zuwana, wai wani ya taɓa ɗaga ƙwallo ta faɗa mata cikin kasko, mai ya fallatsar mata a hannu. Daga ranar duk ƙwallon da ta shiga gidan ta shiga ke nan. Ka je ka yi sallama, ka durƙusa har ƙasa, ta dube ka ta ce, "Wace ƙwallo? Ni na haifa muku ita?"

Hedimasta ya ja wa koci kunne, ya ce in aka sake kawo ƙara zai karɓe filin. Sai koci ya kafa doka: duk wanda ya ɗaga ƙwallo ɓangaren dama ya fita, ko an cafe ko ba a cafe ba. In ma ta ƙasa ka buga, katanga ce za ta dawo da ita ba ka ci komai ba. To wa zai buga can? Dukanmu muka koyi janyo ƙwallo hagu. Ko ta ina aka jefo, sai ka matsa ƙafa ka share ta zuwa titi. Siminti kuwa ba ya yaudara, yadda ta taso jiya haka za ta taso yau. Ni na fi kowa iyawa. Koci kan ce hannuna janwe ne, duk inda ƙwallo ta je sai ya janyo ta gida.

Yayana shi ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba. Yana da kwantena a Barunde, man inji da kayan babur yake sayarwa, kuma ya daɗe yana so in zauna masa a ciki. Da aka ce za mu birnin Benin gasa, kuma a can ne masu zaɓe ke ɗaukar yaran da za a kai sansanin horo na ƙasa, na same shi yana cin abinci, Inna na gefe.

"Wasan da ko gidan kallo ba sa nunawa?" ya ce.

"Yaya, in an ɗauke ni har ƙasar waje ake zuwa."

"Ƙasar waje. Kai da ko Bauchi ba ka taɓa takawa ba."

Inna ta ce ya bar ni in gwada. Ya wanke hannu, ya ce, "Je ka. In sun ɗauke ka, ni da kaina zan riƙe maka jaka zuwa tasha. In ba su ɗauke ka ba, ka dawo ka zauna a shago, kada in sake jin kalmar tirenin. Inna, kin ji dai." Na ce na yarda, da sauri ma, don a raina an riga an ɗauke ni.

Filin Benin da na gani sai da na tsaya. Ciyawa shar, zagaye, ko ina ka duba a buɗe. Iskar garin nauyi gare ta, gumi ya fito ya ƙi bushewa. A wasan farko na fara da kyau, na share biyu zuwa hagu har wajen fili, 'yan uwana na ihu. Sai kyaftin ɗinsu, wani gajere mai tabarau, ya je ya yi wa mai jifa raɗa. Ina kallo ya riƙa kiran mutanensu ɗaya bayan ɗaya yana tura su haguna. A ɓangaren dama ya bar mutum biyu kacal, su ma can nesa.

Mai jifa ya koma jefo mini ƙwallo can dama, nesa da jikina. A ciyawa kuma ba ta zuwa yadda na saba, sai ta dira ta ɗan ƙara kaucewa. Wanda ke tsugune a bayana yana tare ƙwallo ya ce mini da broka, "Aboki, ga titi a buɗe, ba ka so?"

Ina so mana. Ina ganin wurin, fili iya ganinka, ba kowa. Na san taɓa ta kawai zan yi ta tafi. Amma ƙwallo na zuwa sai kafaɗata ta riƙe, bat ya tsaya a sama, ta wuce. Ta biyu haka. Ta uku haka. Daga gefen fili na ji koci yana ƙwala ihu da Hausa, "Babu katanga! Kai, babu Goggo a nan!" 'Yan kallo ba su san me yake cewa ba, suna ta dariya suna kwaikwayonsa. Ta huɗu na ce ko ta halin ƙaƙa, sai ƙafata ta yi abin da ta saba, na miƙa na janyo. Ƙwallon ta taɓa bakin bat ta tashi sama sak. Mutum uku suka taru a ƙarƙashinta har suna yi wa juna bismillah, ɗaya ya cafe, na fita.

Wanda ya biyo ni haka ya fita. Na bayansa ma haka. Kafin washegari kowace ƙungiya ta ji labari, tun kafin mu ɗaura hular kwano sun jeru a hagu suna jiranmu.

Ranar ƙarshe ɗaya daga masu zaɓen, wani dattijo mai sanyin magana, ya kira ni gefe. Ya nuna mini yadda zan jefa ƙafar hagu gaba in tura ƙwallo dama, ya yi ta jefo mini a hankali kamar mai koya wa yaro tafiya. Wasu na taɓa suka gangara kaɗan, wasu na kuskure. Ya tambaye ni wa ya hana ni wannan ɓangaren. Na ba shi labarin katanga da kaskon awara. Ya fara dariya, sai kuma ya daina. Ya ce idona na da kyau, in koma gida in gyara, in sake zuwa. Ba a ɗauki kowa daga cikinmu ba.

Da na dawo Yaya bai yi mini gori ba, da ma ya yi da ya fi mini. Kujerar roba kawai ya nuna mini a cikin kwantena. In na miƙa hannu dama in taɓa jarkokin mai, in na miƙa hagu in taɓa tayoyi. Da rana ƙarfen ya ɗau zafi kamar tanda. Ina zaune ina kallon babura na wucewa.

Maƙwabcinmu Inyamuri ne mai sayar da batir, ya fi ni daɗewa a Gombe. Wata rana ya leƙo da waya a hannu. "Ɗan kurket, 'yan wasanku na ƙasa sun sake shan kashi a waje. A gida suna ci, in sun fita sai su zama kaji. Me ke damunsu?"

Na ce, "Oga, ban san filin da suka tashi a kai ba, ban kuma san wanda aka kai su ba. Amma in ka ga mutum ya tsaya ƙwallo ta wuce shi, ba lallai rashin gani ba ne."

"To mene ne?"

Na fara masa bayani, sai aka kira shi ciniki ya tafi.

Ran wata Asabar abokan wasana suka wuce ta gaban shago da jakar kaya, suka ɗaga mini hannu. Na jira har Yaya ya idar da sallar la'asar ya naɗe darduma.

"Yaya, mai zaɓen nan na Benin fa ya ce in gyara in sake zuwa."

"Mun yi magana a gaban Inna."

"Asabar kawai. Awa biyu."

Ya zauna kan benci yana sa takalmi. "Filin naku an canza?"

"A'a."

"Tsohuwar ta tashi?"

"Tana nan."

"Dokar kocin naku fa?"

"Ita ma tana nan."

"To me za ka je ka gyara a can?" Ba da faɗa ya tambaya ba, da gaske yake son ya ji. Na buɗe baki, na duba duk Gomben da na sani, Pantami, Barunde, har Gabukka, ban ga inda zan ce masa ba.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya yana neman man inji. Yaya ya dube ni. Na tashi na shiga na ɗauko masa.