Kwana Bakwai da Gonar Bogo

Sana'ata saye da sayar da babura na hannu ne, a Djamboutou, cikin Garoua. Duk babur ɗin da ya bi ta hannuna nakan ɗauki hoton takardunsa da na katin mai shi, saboda ranar da jandarma za su zo tambaya. Da hotunan suka fi ƙarfin waya sai na sayi na'urar ajiya, akwati ne baƙi mai faifai biyu, na ajiye ta ƙarƙashin tebur. Wata mai gyaran kwamfuta da ta yi karatu a Maruwa ita ta haɗa mini.

Ita ce ta nuna mini cewa na'urar tana iya ɗaukar hoton duk abin da ke cikinta da kanta, sau ɗaya a rana. In ka goge abu bisa kuskure, sai ka koma hoton jiya ka ɗauko shi. Na ce ta sa ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da muke fita Azahar, ba wanda ke taɓa komai.

"Na kwana nawa za ta riƙe, Alhaji?" in ji ta.

"Bakwai."

"Bakwai ya yi kaɗan. Bari in sa ta riƙe guda ɗaya kowane wata, har shekara."

"Madam, wurin da za su ci fa? Faifai ba a ba ni kyauta ba. A wajenmu in mutum ya sayi babur ya yi mako bai dawo ba, magana ta ƙare."

Ta yi dariya ta ce na'ura ba babur ba ce. Na ce duk kaya ne. Ta sa bakwai. Kullum in sabon hoto ya shigo, mafi tsufa ya fita. Na kuma sa mata batir da faranti mai hasken rana don kada ɗaukewar wuta ta sa ta tsallake rana ɗaya. Har na yi alfahari da wannan.

Ba takardun babur kaɗai ke ciki ba. Yayana manomi ne a Bogo, shi ke riƙe da gonar karal, ƙasar laka mai riƙe ruwa, da mahaifinmu ya bari, inda ake dashen muskuwari, dawar rani, bayan damina. Gonar ba ta da takarda. Iyakarta a cikin kan yayana take, shi da dattawa biyu da suka riga mu gidan gaskiya. Wata shekara na bi shi da waya muka zaga ta, yana nuna kunyoyin iyaka, yana faɗin wanda ya shaida me. Maƙwabcin gonar ma ya fito a ciki, yana gyaɗa kai. Na zuba bidiyon a na'ura, cikin jakar da na sa wa suna Bogo, tare da takardun baburan da na sayar can. Wayar kuwa na share ta na sayar, kamar yadda nake yi da komai.

Wata Litinin da safe na ga wuri ya kusa cika, na zauna ina goge jakunkunan tsofaffin shekaru. Ban buɗe su ba. Me zai sa in buɗe, ga hoton jiya a bayana? Ban gama ba aka kira ni: yayana ya faɗi a gona, ya rasu. Na bar wa abokin aikina shago na hau mota.

A gidanmu ƙani ba ya tashi daga tabarmar makoki sai an yi sadakar bakwai. Na zauna. Bayan an shafa addu'ar bakwai ɗin, maƙwabcin nan ya ja ni gefe, ya ce ɓangaren gabas na gonar aro ne mahaifinsa ya ba namu, yanzu yana so. Ɓangaren gabas shi ke riƙe ruwa. In an cire shi, abin da ya rage ba zai ciyar da matar yayana da 'ya'yanta biyar ba.

Ban ɗaga murya ba. Na ce masa, "Malam, mu haɗu gaban jauro mai gari ranar Juma'a. Za ka ga kanka kana gyaɗa kai."

Talata na iso Garoua. Na nemi jakar Bogo, babu. Nan na tuna safiyar Litinin. Na buɗe jerin hotunan na'urar: guda bakwai, a jere, ba wanda ya tsallake. Mafi tsufa na Laraba ne. Na Lahadin da bidiyon ke ciki ya fita tun ina zaune ina karɓar gaisuwa. Da wuta ta ɗauke mata kwana uku kacal, da na same shi.

Mai gyaran ta zo. Ba ta ce ta gaya mini ba, na gode mata da wannan. Ta yi wuni biyu tana tonon faifan. Abokin aikina ya zuba sababbin hotuna duk makon, sun hau kan wurin. Abin da ta tsamo gutsattsari ne da ba ya buɗuwa. Kafin ta tafi ta tambaye ni ko ta gyara tsarin. Na ce ta sa na rana, na mako, na wata, duk yadda ta ga dama.

Ranar Juma'a na tsaya gaban jauro hannu wofi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi shaidu, na ce sun rasu. Maƙwabcin ya kawo tsoho guda, ya kuma yarda zai rantse. Aka ba shi gabas.

Na je na sami matar yayana, tana takaba, zaune bayan labule. Na faɗa mata komai, har da cewa ni na goge, ni kuma na zaɓi bakwai. Na ce hatsin gidan yana kaina daga bana.

"Alhaji," ta ce, "ka ce yana magana a ciki?"

"Yana magana."

"Ko kaɗan ba a samu ba? Ko muryar, ba hoton?"

Na ce babu.