Jikan Bamagujiya

Mahaifina ya musulunta tun bai yi gemu ba. Ya bar ƙauyensu na Maguzawa da ke bayan Rurum, ya zo Rano ya koyi ɗinki, ya auri mahaifiyata. A Rano aka haife ni, a nan na sauke Alƙur'ani. Shekarun da aka fara Shari'a, ni nake jan sallah a masallacin unguwarmu duk ranar da liman ba ya nan. Ba wanda ya taɓa tambayata asalina.

Kakata, uwar babana, ba ta bar addinin iyayenta ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai noman gyaɗa da hannunta, kuma duk shekara sai ta aiko mana da daddawa. Matan unguwa har roƙonta suke yi a wurin mahaifiyata.

Da ta rasu, babana yana kwance, ciwon ƙafa ya hana shi tashi, sai ya ce in je a madadinsa. Ina fito da babur sai ga wani dattijo, Alhajin da ya yi wa masallacinmu rufin kwano.

"Malam, ina zuwa?"

"Kakata ce ta rasu, Alhaji."

"Ta can wajen? Lokaci fa ya canza. Mai jan sallah ba ya zama a makokin arna."

Na ce masa uwar ubana ce, kuma zan je in ga an rufe ta. Na buga babur na tafi.

A can ma ba a ƙyale ni ba. Ƙanen babana ya dubi hulata ya ce, "Ga mutanen gari sun iso. Matsa daga kusa da tulun giya, kada rigarka ta ƙazantu." Ya faɗa a gaban jama'a cewa babana ya sayar da gidansu don a kira shi Malam. Ban sha komai ba, ban yi abin da addinina ya hana ba, amma na karɓi fartanya na tura ƙasa a kabarinta.

Bayan na dawo, wata rana liman ya tafi Kibiya. Aka tayar da iƙama, na taka zan shiga gaba, sai na ji hannun Alhaji a kafaɗata.

"Bari wani ya ja mu yau."

Na koma sahu. Bayan sallama na ji ana raɗa a bayana, wai tubabbe ne, wai jini ba ya ɓuya. Ni da aka yi wa kiran sallah a kunne ranar da aka haife ni. Daga me na tuba? Mutanen nan sun san kakata tun da daɗewa, sun ci miyar daddawarta, kuma sun yi shekaru suna bina sallah. Sai yanzu da kowa yake neman a ga ya fi ɗan'uwansa tsarki suka tuna.

Na miƙe na ce, "Alhaji, a kakanninka wane ne ya fara sallah? Shi kuma ubansa me yake bauta wa?"

Alhaji ya ce ba ni da kunya, ya saka takalmi ya fita. Liman da ya dawo ya zo har gida ya ba ni haƙuri, amma a masallaci bai ce uffan ba, kuma ba a sake cewa in shiga gaba ba.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne maganar babana. Ya kira ni bakin gadonsa, ya ce, "Ka yafe mini, ni na ja maka." Mutumin da ya bar uwa da dangi saboda addinin nan, shi ne yake neman gafarar ɗansa don wasu sun ga dama.

Na ce masa, "Baba, ba ka ja mini komai ba."

Ban bar masallacin ba, don ba gadon gidan kowa ba ne. Kullum ina sahun farko. Da rani ya yi kuma na kwashi 'ya'yana muka je ƙauyen, na nuna musu gonar gyaɗar da kabarin. Ƙanen babana ya daɗe yana kallonmu daga gindin ɗorawa kafin ya aiko musu da ruwa. Na gaya wa yaran cewa su Musulmi ne, su Hausawa ne, kuma wannan matar ce ta haifi kakansu, duk wanda ya tambaye su kada su sunkuyar da kai.