Wyson Chikopa, Mai Akwatin Gawa da Ya Raya Ajin Kafintoci

Kafin motocin zuwa birnin Blantyre su fara kiran fasinja, Bambo (wato Baba, a yaren garinmu) Wyson Chikopa ya riga ya ɗaga ƙyauren shagonsa da ke bakin titin Likomwe. Yakan share garin katakon jiya, ya ɗura a buhu ya ajiye wa mata masu kiwon kaji, sannan ya fito da akwatunan gawa ya jera su a inuwar rumfa. Ƙananan, na jarirai, ba ya fito da su. Suna can ciki bayan labule, sai wanda ya zo nema yake ganinsu. Daga nan ya zauna a kan gungumen maɗaci da kofin shayi da dafaffen rogo, ya sunkuyar da kai.

Ba ya gai da kowa sai an gaishe shi, kuma ba girman kai ba ne. A garin nan, idan mai akwatin gawa ya riga ka cewa ina kwana, wuni za ka yi kana taɓa wuyanka kana neman zazzaɓi. Ba ya zuwa dubiya, ko da ɗan'uwansa ne a kwance, don zuwansa zagi ne. Ya san haka, ya ɗauke wa mutane nauyin ganinsa, su kuma suka saka masa da tsallake titi idan sun zo daidai shagonsa.

Gidana yana kallon shagon. Na yi rayuwata ina koyar da tarihi, kuma abin da na tsinta a littattafai shi ne, wanda ya cika maƙabarta ake yi wa gunki, ba wanda ya rufa wa mamaci asiri ba. Shi ya sa da na ji Kwalejin Koyon Sana'a ta Likomwe za ta rubuta sunan Wyson a ƙofar ɗakin kafintocinta ranar Asabar, sai na ce bari in rubuta abin da na gani, kafin masu jawabi su hau dandamali su ce su ma da su aka yi.

Ranar da matata Nangondo ta rasu, gidana ya cika da masu makoki. Sun ci tuwon masara, sun yi waƙa da murya mai daɗi, da aka watse tukwanenta biyu suka bi su. Ni kuwa na tsallaka titi don in ga ko an gama akwatin. Na tarar da Wyson ya tura rabin jikinsa ciki yana goge katakon da sanfefa.

Na ce, "Wyson, waje ake kallo. Wa zai ga ciki?"

Ya ce, "Malam, masu kallo gida za su koma. Ita ce za ta zauna a ciki."

Ya ci gaba da goge katakonsa. Duk ta'aziyyar da aka yi mini a makon nan, wannan ce kaɗai ta shiga kunnena.

To, ga yadda ya shiga zancen kwaleji. Shekarun baya injin yanka katako na kwalejin ya mutu, katako ya ƙare a ma'ajiya, aka koma koyar da aikin kafinta a kan allo. Malami ya zana zarto da alli, ɗalibai su kwafa a littafi. Shugabar kwalejin, Mayi (wato Uwargida) Ethel Kalinde, ta bi shagunan masu yin kujeru da kabad tana roƙon su karɓi yaran su koyi aiki da hannu. Kowa ya ba ta kujera, ya ba ta lemo, ya ba ta haƙuri. Ɗaya daga cikinsu ya fi sauran gaskiya, ya ce, "Mayi, in koya wa yaro sana'ata, baɗi ya buɗe shago a gefena? Ko akuya ba ta wasa wa mahauci wuƙa."

Ba ta je wurin Wyson ba. Shi ya je. Ya tsaya a bakin ƙofar kwalejin, bai shiga ba, ya aiki mai gadi ya kira ta. Mai gadin ya ba ni labari cewa da ta hango wanda ke jiranta sai da ta tsaya ta tambaya ko wani ɗalibi ne ya rasu.

Wyson ya ce, "Lafiya lau, Mayi, ba aiki ya kawo ni ba. Ina da inji, ina da katako, ina da wuri a bayan shago. Turo su."

Ta ce, "Bambo Chikopa, ka san abin da iyayensu za su ce."

Ya ce, "Za su ce. Amma zarto bai san abin da ake yanka wa katako ba. Wanda ya iya haɗa kusurwar da ruwa ba zai shiga ba, ya iya haɗa ta gado."

Haka ɗalibai suka fara zuwa, maza da 'yan mata biyu, suna bi ta bayan layi don kada a gan su. Bai sa su yin akwati ko sau ɗaya ba. Gado ya sa su yi. Na sha jin muryarsa daga barandata, shi da ba ya ɗaga murya: "Kwance shi! Wannan ƙafar gurguwa ce. Mutum zai kwanta a nan da matarsa da bashin da ke kansa, kana so su faɗo?" Da na tambaye shi me ya sa gado, ya ce, "Malam, na gaji da yi wa waɗanda ba sa tashi wurin kwanciya. Ina so in yi wa wanda zai tashi da safe."

A ƙarshen zango kwaleji ta yi ranar baje koli, aka jera gadajen a fili. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan a Likomwe ba, kuma ban taɓa ganin kasuwar da ta mutu kamar ta ranar ba. Mutane suka tsaya nesa kamar ana wasan maciji.

Wani direba ya ɗaga murya, "Kai yaro, da murfi ake sayar da shi, ko murfin daban ne?"

Wata ta ce, "Wanda ya kwanta a nan, ƙararrawar coci ce za ta tashe shi."

Aka yi dariya, aka sayi man shafawa da burodin ajin girki, aka tafi. Ko gado ɗaya bai fita ba. Kafin sabon zango iyaye sun janye 'ya'yansu, ajin ya koma mutum huɗu. Jami'in ma'aikatar ilimi ya zo ya leƙa, ya ce idan ya dawo ƙarshen shekara ya tarar da benci babu kowa, za a rufe ajin kafinta, a mai da ɗakin ma'ajiyar taki. Mayi Kalinde ta rame. A kasuwa aka ce ai ga shi nan, mai akwati ya taɓa aji, aji ya mutu.

Kai ne, Wyson, aka yi wa wannan magana a kunnenka, kuma na san ta yi maka zafi, don a makon nan ko shayinka ba ka fito sha a waje ba. Da ni ne, da na rufe ƙofata na bar gari da wautarsa. Kai kuwa sai ka aika a kira maka Sista Dorika Mpando, ungozomar asibitin gari, mace ɗaya tilo da ke tsayawa a shagonka ta yi hira, don ta ce wanda ya ga yadda ake shigowa duniya ba ya tsoron ƙofar fita.

A bayan asibitin akwai ɗakin jiran haihuwa, inda matan ƙauyuka masu nisa suke zuwa su zauna idan watan haihuwarsu ya kama, don kada naƙuda ta same su a hanya. A ƙasa suke kwana, kan tabarma, kan siminti. Wyson ya ce a kai musu gadajen duka, kyauta, katakon ma ya yafe.

Sista Dorika ta ce, "Ba za su hau ba."

Ya ce, "A ajiye dai. Baya yana da nasa hankalin."

Ranar kai kaya aka yi kuskuren da ya kamata mu hango. Ɗaliban nan huɗu suka ɗora katakan gado a amalanke, suka rufa da zane saboda yayyafi, Wyson yana biye da su riƙe da guduma. Matan da ke dafa wa majinyata abinci a harabar asibiti suka hango mai akwatin gawa tafe bayan dogon kaya a lulluɓe. Kafin a ce me, kuka ya tashi. Wata ta kifar da tukunyar wake ta ruga ɗakin da mijinta yake, ta tarar da shi zaune yana cin ayaba, ta hau shi da faɗa. Sai da Sista Dorika ta fito ta yaye zanen tana cewa, "Ku rufe mana baki, gado ne! Wa ya mutu, uwar wa?" Wyson ya miƙa wa ɗalibai gudumar, ya koma tsallaken titi, ya tsaya cikin yayyafi yana nuna musu da hannu ta taga yadda za su haɗa.

Gadajen suka yi makonni a ɗakin ba wanda ya hau. Matan suka ɗora musu tukwane da ƙullin gari, su kuma suna ƙasa. Har damina ta kankama, ruwa ya fara tsattsafowa ta simintin. A lokacin akwai wata mai sayar da busasshen kifi daga bakin tafki, ana ce mata Nachisale, cikinta ya yi girman da sai an kama ta take tashi. Sista Dorika ta ce wata rana da hantsi matar nan ta dubi jiƙaƙƙiyar tabarmarta, ta dubi gado, ta sauke tukwanen mutane ƙasa.

Wata tsohuwa mai rakiya ta ce, "'Yar nan, kin san hannun da ya yi shi?"

Nachisale ta ce, "Iya, na san bayan da ke ciwo, nawa ne. In mutuwa ta zo ta same ni a sama, ta sha wahalar hawa."

"Ba kya tsoro?"

"Mijina ya haƙa kabari ya fi a ƙirga, kuma da hannun nan yake cin tuwo a kwanona. Ku matsa mini."

Ta hau, ta yi barci har da minshari, sauran suna zaune suna jiran abin da zai faru. Abin da ya faru shi ne, bayan 'yan kwanaki ta haifi tagwaye, mace da namiji, masu ƙarar kuka. Kafin a sallame ta an fara rigima a kan wa zai gaji gadon. Kafin wata ya ƙare babu mai kwana a ƙasa, kuma mazajen da suka zo ɗaukar matansu suka fara tambayar inda ake samun irinsa, don matan sun rantse ba za su koma tabarma ba.

Kada mai karatu ya ɗauka garinmu ya yi hankali. Camfin nan dai ne ya juya riga: jiya gadon yana kisa, yau yana ba da tagwaye. Wani dillali har ya zo ya ba Wyson shawara a rubuta hakan a allo a kafa bakin titi. Wyson ya ce, "Gado gado ne. Tagwaye aikin Allah ne da na mijin Nachisale." Kuma duk wanda ya zo da oda, ba ya karɓa. Sai ya nuna masa hanyar kwaleji ya ce, "Masu yi suna can. Ni nawa ba a yin odarsa da murna."

A nan ne ajin ya farfaɗo. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya sayi keke da kuɗin gado, ya manta da abin da ya faɗa a kasuwa. Ba duka suka dawo ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu, wadda Wyson ya ce hannunta ya fi na kowa, ubanta ya tura ta aikatau a birnin Lilongwe, har yau ba ta dawo ba, kuma Wyson yakan ambace ta. Amma da jami'in ma'aikata ya dawo ƙarshen shekara, a tsaye ya yi aikinsa don babu bencin da zai zauna. Ya zagaya, ya taɓa wannan ya girgiza wancan, ya ce ajin ya tsira. Da zai shiga mota ya ja Mayi Kalinde gefe ya tambaya ko za a iya yi masa gado mai faɗin mutum biyu.

Kai ne maɗaci, Wyson, ɗaci a baki, magani a ciki. Kai ne ka ba da injinka da katakonka ga yaran da iyayensu ba sa gaishe ka. Ka koya musu sana'a, ka tura musu masu saye, alhali ka san gobe su ne za su buɗe shago a gefenka. Yanzu idonka ya fara gajiya, ɗanka ke riƙe da zarto, amma har yau kana zaune bayan shago kana sa ɗalibai su kwance abin da suka haɗa da gaggawa. Na gode maka a madadin matan ɗakin jira, da yaran da yau suke ciyar da gidajensu, da wadda ka goge wa cikin akwati. Ni ba mai yawan sa rai ba ne, duk wanda ya san ni ya sani, amma ka sa na fara zargin cewa garin nan zai iya gyaruwa.

Ranar Asabar ku zo, ku tafa, ku ci shinkafar kwaleji. Amma ku sani ajin walda yana nan yau inda ajin kafinta yake jiya, ana zana wuta da alli. Ajin ɗinki yana da ɗalibai fiye da kekuna. A titin nan akwai masu walda, akwai teloli da kekunan da ƙura ta rufe, kuma duk kun san hanyar ofishin Mayi Kalinde. Mutumin da kuke tsallake titi saboda shi ya buɗe wa 'ya'yanku ƙofarsa. Ku buɗe taku tun kuna iya tashi ku zare sakata da hannunku.