Wayoyi Biyu a Bangon Falo

Mijin yayata ya rasu ya bar wayoyi biyu suna reto a bangon falonsu. Sirara ne, ɗaya ja ɗaya baƙi, sun leƙo daga wani rami da bai kai tafin hannu ba. Da safiyar Asabar ya cire abin da ke sarrafa ɗumin gidan da niyyar saka sabo, sai aka kira shi wurin aiki, ya ce zai ƙarasa in ya dawo. A tashar bas zuciyarsa ta tsaya.

Ina unguwarmu Old Trafford a Manchester labarin ya same ni. Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da kayan jikina kawai.

Gidansu a Ladywood ba na gas ba ne. Wani inji ne girke a bayan gida mai katuwar fanka, heat pump ake ce masa, shi ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Marigayin yana ji da injin nan. Mutum ne mai son kayan zamani da turare, ni kuwa ban taɓa raga masa ba. Nakan ce masa ƙamshinsa na riga shi yin sallama. Wani abokinsa a Amurka ne ya aiko masa da sabon abin sarrafawar, irin wanda ake juyawa daga waya ko mutum yana wani gari.

Da farko babu wanda ya lura injin ya mutu. Gida cike yake da masu ta'aziyya, mata daga Aston, wasu tun daga Manchester, tukwane a kan wuta, numfashin mutane har yana gumi a jikin taga. Sai da aka yi addu'ar bakwai aka watse sanyin ya nuna mana fuskarsa. Tsakiyar hunturu ne. Ruwan alwala sai an dafa a buta. Muka sayo ƙaramar hita ta lantarki, ita kuwa iyakarta ƙafar wanda ya zauna a gabanta.

Yaya ta shiga takaba, ta ce a ɗakin mijinta za ta yi ta, ba inda za ta. Wannan ban yi mata musu ba. Amma tana da 'ya mace 'yar shekara biyar mai ciwon asma, kuma ƙirjin yarinyar ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Na ɗauko kwalin sabon abin na juya bayansa. Ramuka ne a jere, kowanne da harafinsa, yana jiran wayoyi biyar ko fiye. Na dubi bango, biyu ne. Ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, amma na san akwai matsala. Na kira mai gyara.

Yaya ba ta fito ba, tana bayan ƙofar ɗaki tana saurare. Mutumin ya duba, ya yi mini bayani a hankali. Sabon abin don gidajen Amurka aka yi shi, da irin wutarsu da irin wayoyinsu. Wayoyin nan biyu kuwa saƙo suke kaiwa tsakanin injin da abin da aka ƙera su tare, babu wani baƙo da injin zai saurara. Ko an haɗa ba zai tashi ba, wataƙila ma a ƙona masa ciki. Mafita ɗaya ce, a mayar da tsohon. Na shiga na faɗa mata.

"A'a," ta ce. "Shi ya cire da hannunsa. Sabon yake so. Ki ce ya saka sabon."

"Yaya, ba zai yi ba. It's not compatible. Ko Abbansu ne ya dawo ran nan, haka zai tarar."

Ta ɗago ta dube ni. Kuka ya ƙafe mata tuntuni, idon ya bushe.

"Kina nufin aikin banza ya yi?"

Na sallami mai gyaran, ya tafi ya bar mu da ramin.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi muni. Yaya tana zaune a kan darduma cikin hijabi da rigar sanyi biyu, carbi a hannu, yatsunta sun yi fari. In ta wuce ta falo sai ta ɗan tsaya gaban wayoyin, ba ta taɓawa. Ta kira abokin nan na Amurka, ya ce a gidansa yana aiki lafiya lau. Ta sa aka kawo wani ɗan garinmu da ke karatu a jami'a, ya duba, ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Ni kuwa raina kullum a ɓace. Ina tausayinta, ina kuma jin haushinta, har da marigayin da ba shi da bakin kare kansa.

Ranar da na kai yarinyar wurin likita aka ƙara mata magani, aka tambaye ni ko gidan da ɗumi. A hanyar dawowa ta ce mini da Turancinta na 'yan Birmingham wai ko Abba ya tafi da ɗumin ne. Ina shiga gida na wuce ɗakin Yaya ko takalmi ban cire ba.

"Likita ya ce ƙirjinta ba zai jure ba. Ke takaba ta hana ki fita, ita ba ta hana ta ba. Gobe zan tafi da ita Manchester, flat ɗina akwai heating. In kin gama sai ki zo ki ɗauke ta."

"Ki raba ni da ita? Yanzu?"

"To ki zaɓa, Yaya."

Can ta tashi ta buɗe durowar gefen gado, ta zaro tsohon abin a naɗe cikin ɗankwalinta. Ashe tun ranar ta ɓoye shi. Ta miƙo mini ba ta dube ni ba.

Mai gyaran ya dawo da hantsi. Ya zura jar waya nan, baƙar can, ya ɗaure, fankar bayan gida ta fara juyawa. Ya ce kada mu yi gaggawa, irin wannan injin a hankali yake hawa. Har azahar ƙarafan ɗumin da ke jikin bango ba su wuce ɗumin jiki ba. Bayan la'asar yarinyar ta cire safar hannunta da kanta, ta kwanta barci ya ɗauke ta.

A lokacin ne ƙamshin ya taso. Tun da Yaya ta shiga takaba ba a kunna ko turaren wuta a gidan ba, don haka nan da nan na gane shi. Na ja doguwar kujera. Hularsa ta Juma'a ce ta faɗa baya ta maƙale a kan ƙarfen, ɗumi ya tada turaren da ke jikinta, ya cika falon.

Yaya ta fito da sauri, kamar wadda ta ji sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙofar gida, sannan ta ga hular a hannuna. Ta dafa bango.

"Kashe shi," ta ce. "Don Allah ki kashe."

Yarinyar tana barci a kan kujera, numfashinta na fita sumul, babu kukan nan. Na dubi abin a bango, hannuna zai kai. Ban kashe ba. Yaya ta zame ta zauna a ƙasa, kukan da ya ƙi zuwa tun ranar jana'iza ya ƙwace mata.