Injin Wahabu Ya Ƙi Tari a Magazin

"To, a nan dai lafiyarsa ƙalau," in ji Masta Abdul-Wadud, yana goge hannu da tsumma. "Ka ji da kunnenka."

"Wallahi Masta, munafuki ne," Wahabu ya ce. "A gaban mutane sai ya yi ladabi. Mu shiga tsakiyar ruwa ka ga halinsa."

Tsohon injin kwale-kwalen yana maƙale a bakin duro cike da ruwa, yana ta ruri sumul. Daga Yeji Wahabu ya ɗauko shi har Suame Magazin, unguwar makanikai, a motar da yayarsa Ajara take kawo kifin banda Kumasi. Da injin yake ƙetarar da mata 'yan kasuwa a tafkin Volta. Kwanan nan sai ya ɗauki wata ɗabi'a: da sun yi nisa sai ya fara tari, ya ja, ya saki, kamar zai mutu, a daidai inda kututturan itatuwa suka cika ruwa. Matan sun ce idan ya sake tsorata su ranar kasuwa mai zuwa, jirgin wani za su koma. Ajara ce ma ta fara faɗa, ga ta nan zaune a benci tana fifita da gefen mayafi.

Abdul-Wadud haifaffen unguwar Alabar ne a Kumasi, jikan wani mai fataucin goro da ya zo daga Nijar. Da babur ya fara koyon gyara, ya koma janareto, har ranar da aka kawo wani injin ruwa kowa ya ƙi taɓawa, shi ya karɓa. Yanzu gemunsa ya yi fari, amma bai taɓa shiga kwale-kwale ba, bai kuma iya iyo ba. Matarsa takan ce duron nan shi ne tekunsa. Tun da ba ya zuwa ruwa, sai ya saba da zaunar da mai inji ya ba shi labarin tafiyar tun daga bakin gaɓa, ba ya katse shi.

Tun safe ya kwance fulogi ya duba, ya wanke kafireta, ya busa matatar mai, bai ga abin zargi ba. Sai ya kashe injin, ya jawo kujera.

"Faɗa mini, idan ya fara tarin, me kake yi?"

"Salati nake yi, Masta."

"Bayan salatin fa?"

"Sai in buɗe tanki in ga ko fetur ya ƙare. In tarar da shi dam. In rufe, in ja igiya, ya tashi kamar ba shi ba. Can gaba kuma ya sake."

Sai Abdul-Wadud ya tuna wani abu. Da tankin shagonsa ya yi gwajin, domin Wahabu ya bar nasa a gida.

"In ka buɗe murfin, yana yin wani sauti?"

"Yakan ce fuu. Sai dai kafin in kwance ledar..."

"Wace leda?"

Ajara ta daina fifita. "Ni na ɗaure ta," ta ce. "Leda da robar tsohon tubun taya, tamau. Wata Asantiya ta dawo mini da kwando guda ta ce kifina warin fetur yake. Ni za a kunyata a kasuwa?"

Masta ya tashi. Ya nemo leda da roba ya miƙa mata tare da tankinsa. "Hajiya, ɗaure mini shi yadda kika saba."

Ta naɗe murfin da ƙarfinta, ya tayar da injin ya ƙara masa wuta, ya aika a kawo musu koko. Ba su shanye ba injin ya fara tari, ya ja, ya saki. Wahabu ya miƙe zumbur har ya kusa zubar da kofi.

"Shi ne! Wallahi muryarsa ke nan!"

Abdul-Wadud ya yanke robar, tankin ya ja iska, injin ya koma ruri. Ya nuna musu wani ɗan rami a murfin. "Ta nan yake numfashi. In mai ya fita iska ba ta shiga ba, sai man ya tsaya."

"Yaya Ajara!" Wahabu ya tafa hannu. "Ke kika shaƙe shi, ke kuma kika kai ni ƙara wurin mata!"

"Rufe mini baki. Kifina fa, Masta?"

"A mayar da tankin can baya kusa da direba, kwandunanki su zauna gaba. A sauya robar cikin murfin, ita ta tsufa take fitar da wari. Akwai ta a layin baya."

Ajara ta gyara mayafi. "Zan gaya wa matan da bakina," ta ce. "Amma kai ma ka riƙa wanke jirgin nan."

Abdul-Wadud ya bar su suna musu, ya ɗauki sifana ya nufi bakin shago, inda wani mai niƙa yake jiransa da janareto a baro.