Dakta Sanusi da ɗorin da na kwance a gidan surukai

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Dakta Sanusi makwancinsa a Bunkure. Ya rasu yana tsakiyar digirinsa na uku, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina. Bana shirun ya ƙi, domin a daminar nan na yi wani abu da sunansa a zuciyata, kuma har yau akwai gidan da ba a sakar min fuska saboda shi.

Likitan ƙashi ne, amma duk ƙasusuwan jikin ɗan Adam sai ya zaɓi 'yan ƙananan nan na tafin hannu da yatsu. Na sha tsokanarsa. Nakan ce abokansa na can suna karatun zuciya, shi ya ƙare a ɗan yatsa. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, da zuciya kake riƙe lauje?"

Ya san inda ya fito. A yankinmu na noman rani, hannu ne ke shan wahala. Igiyar injin ban ruwa ta fizge mai tayarwa, buhu ya danne wa ɗan dako yatsu, babur ya watsar da mutum a bakin kanal, wato magudanar ruwan noma. Abin da Sanusi yake son ya tabbatar shi ne: wace karaya ce sai an ɗaure, wacce za a haɗa yatsan da maƙwabcinsa a bar shi yana motsi, wacce kuma sai an yi aiki an sa ƙarfe. Ba ya karɓar "haka muka gada" daga bakin kowa, ko mai ɗorin gargajiya ko babban likitan da ya koyar da shi. Hujja yake nema, hujjarsa kuwa hannun ne bayan an kwance shi. Mutanenmu da zarar zogi ya lafa sun koma gona, ba mai komawa asibiti, sai ya riƙa bin su a babur. Na sha ganinsa cikin taɓon shinkafa, wando a naɗe, yana sa manomi ya dunƙula hannu ya buɗe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Yanzu kowa da waya, ana tura hoton ƙashi daga ƙauye zuwa birni kafin shayi ya huce. Wannan zai faranta masa rai. Amma na san ransa zai ɓaci idan ya ga har yanzu muna auna kyawun ɗori da ƙarfin ɗaurinsa.

Uwani 'yata ce ta fari, tana aure a wani ƙauye kusa da Kura, sana'arta turara shinkafa. Buhu ya zame ya danne mata hannun dama. Kawun mijinta, Alhaji Mamman, mai ɗori ne, dattijon kirki, kuma ƙafafun da ya ɗora suka miƙe ba sa ƙirguwa. Shi ya ɗaure hannun da karare da tsumma. Washegari da safe mahaifiyarta ta je dubiya ta dawo fuska ba daɗi. Ta ce yatsun sun kumbura sun yi duhu, ta taɓa su sanyi ƙalau, yarinyar ba ta ma san an taɓa ba. Mutanen gidan kuma sun ce alama ce ƙashi yana kamawa.

Nan take na tuna ƙanena. Sanusi ya taɓa gaya min, a kan wani manomi da aka kawo masa a makare, cewa yatsan da ya yi sanyi ya daina ji, jini ne ba ya kai masa, kuma ba ya jiran gobe.

Mai karatu ya san nauyin da ke kaina. Uba ba ya kutsa kai gidan 'yarsa ya ba da umarni, balle 'yar fari wadda ko sunanta na yanka ba na kamawa. Kwance ɗorin dattijo kuwa, a cikin gidansu, daidai yake da ce masa bai iya sana'ar kakanninsa ba. Na ji kunyar har cikin ƙashina. Na ɗauki hulata duk da haka, na tari mai adaidaita.

Na tarar da Alhaji Mamman a zaure. Muka gaisa, na durƙusa kamar yadda ya kamata, na ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. A sassauta ɗaurin nan, in kai ta asibiti."

Ya dube ni ya ce, "Malam Habu, tun kafin a haife ta nake ɗori. Idan ka kwance, ba ruwana da abin da ya biyo baya."

Na ce, "Na ɗauka. Ka yafe min."

Da hannuna na warware tsumman, ni da ban taɓa zama kusa da yarinyar nan haka ba tun tana goye. Kanta a sunkuye, hawaye na zuba. A asibiti a Kano likitan ya duba bai tsaya dogon bayani ba, aka shiga da ita. Daga baya aka sa mata ɗan ƙarfe, aka koya mata motsa yatsun tun kafin ciwon ya gama tafiya.

Ba na zargin Alhaji Mamman da mugunta, Sanusi ma bai taɓa raina masu ɗori ba. Yakan zauna da su a kan tabarma ya tambaye su, su tambaye shi. Burinsa a kai ga ranar da mai ɗori da kansa zai ce wannan tawa ce, wannan ta asibiti ce. Bai kai ga kammalawa ba, babu digirin nan na uku a bango, babu sunansa a jikin wani gini. Abin da ya bari ɗabi'a ce: ka dubi hannun da idonka kafin ka dubi fuskar wanda ya ɗaure shi. Na ƙudurta zan faɗi wannan a majalisa, a wurin suna, a bakin gona, ko da za a ce Malam Habu ya zama likitan da ba shi da allura. Gidan Alhaji Mamman ma ban daina zuwa gaisuwa ba, ya amsa a taƙaice, in koma.

Uwani ta koma bakin tukunyarta. Ƙaramin yatsan ba ya lanƙwasuwa sosai, likita ya ce wataƙila haka zai zauna. Sauran huɗun suna aiki. Ranar Juma'ar da ta wuce ta zo gida, ta karɓi muciya daga hannun mahaifiyarta ta tuƙa mana tuwo da hannun nan na dama. Na ci ina kallon ƙasa, saboda kada ta ga idona. Allah Ya jiƙan Sanusi, Ya kai haske kabarinsa.