Takardar Ɓaunar Mang Teryo

Tsoro ya kama Aling Sinang ranar da mijinta, Mang Teryo, ya dawo daga taron da aka yi a garin Balintawak a daminar 1896. A can maza suka yayyage takardun harajinsu, suka rantse sun gama bauta wa Sifaniyawa, Turawan da ke mulkin ƙasarsu. Duk wanda aka kama babu takarda, ɗan tawaye ne.

Shekara arba'in Teryo yana noman shinkafa da ɓaunar gida, wadda ita ma take da tata takardar rajista, yana cire wa kowane Bature malfa. Karatu ne dai bai taɓa yi ba.

Sinang ta zaro takarda daga aljihunsa, ta duba hatimin.

"Teryo, ga taka nan lafiya lau. Ta ɓaunarmu ka yaga."

Ya ce, "To, ai ita ma ta sha wahalarsu."

"Bar shi haka. Ɓauna ta yi tawaye, kai kana gida, ba mai harbin ka."

Ya karɓi takardar, ya tambaye ta sau biyu ko tasa ce, sannan ya yaga. Ya ɗauki addarsa ya bi sauran mazan.

An gwabza yaƙi da Sifaniyawa a garin San Juan, an ce gawawwaki sun yi yawa. Mako uku ke nan Sinang tana tambayar duk wanda ya dawo. Har yau ba wanda ya gan shi.